Bugu Ashirin Ko Sha Ɗaya? Gudumar Da Ake Gwada Ƙasa Da Ita Kafin A Yi Gini

A Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara a jihar Neja, wanda zai gina ɗaki biyu da falo ba ya neman injiniya. Haka abin yake a Lambata da Izom da Diko. Magini zai sari ƙasa da diga, in ya ga ta yi ja ta yi tauri, sai ya ce a kwaɓa kankare. Galibi kuma hakan na wadatarwa. Amma da zarar an ce bene ne mai hawa uku, ko tankin ruwa na sama, ko turken sabis na waya, ko gada a kan rafi, to magana ta wuce ta diga. Nauyin irin wannan gini yakan ratsa ƙasa mitoci da dama, zuwa inda idon magini ba ya gani. Da yake Suleja ta cika ta batse da ma'aikatan Abuja, gine-gine kuma na ta miƙewa ta hanyar Minna, irin waɗannan ayyuka sai ƙaruwa suke yi a ƙasar Gurara.

A nan ne ake kiran masu gwajin ƙasa. Sukan zo da inji mai dogayen ƙafafu, da sandunan ƙarfe masu ɗaure da juna, da igiya, da wata jibgegiyar guduma.

Aikin nasu ba shi da wuyar fahimta. Za su huda rami siriri kamar na burtsatse, su tsaya a zurfin da suke so su gwada. Sai su zura wani bututun ƙarfe mai kaurin milimita 51, mai bakin milimita 35, wanda ke rabewa gida biyu kamar an tsaga gora. Bututun na ɗaure a ƙarshen sandunan. A can sama akwai dunƙulen ƙarfe da ke aikin uwar maƙera, a kansa guduma ke sauka. Nauyin gudumar kilo 63.5 ne, ya ɗara buhun siminti, kuma ana ɗaga ta santimita 76 a sake ta. Ana zana layi da alli a jikin sanda, gida uku, kowane gida santimita 15. Bugun da ya nutsar da gidan farko ba a lissafa shi, don ƙasar wurin ta riga ta dagule da haƙa. Bugun gida na biyu da na uku ake haɗawa. Adadin da aka samu shi ne lambar da injiniyoyi ke kira N, gwajin kansa kuma SPT. Sai a ciro bututun a buɗe, a ga irin ƙasar da ya ɗebo, a ci gaba da haƙa, a maimaita bayan mita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Lambar nan ce ke shiga ofis. Tun 1948 Karl Terzaghi da Ralph Peck suka fitar da jadawalin da har yau ake koyar da shi a ajin injiniyanci: yashin da ya ba da bugu ƙasa da 4 sako-sako ne ƙwarai, daga 4 zuwa 10 sako-sako ne, daga 10 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa 50 dankararre, abin da ya haura 50 kuwa ya dankare iyaka. Daga wannan lamba injiniya ke ƙiyasta nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka da yadda gini zai zauna bayan shekaru. Ita ce ke faɗin ko harsashi zai yi faɗin mita ɗaya ko biyu, ko a shimfiɗa kankare a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, ko a kafa ginshiƙai har su tarar da dutse. Ke nan buhunan siminti ɗaruruwa da tan-tan na rodi suna rataye a kan ƙidayar da wani ma'aikaci ya yi da alli a tsakiyar rana.

Matsalar kuwa, duk macen da ta taɓa daka sakwara ta san ta. A ba mata biyu doya ɗaya, turmi ɗaya, taɓarya ɗaya. Ta farko mai ƙarfin damtse ta gama a luguden hamsin, ta biyu ta gaji sai da ta yi tamanin. Wanda ya tsaya a bayan katanga yana ƙirga sauti zai rantse cewa doyar ta biyu ta fi tauri. Alhali doyar ɗaya ce, hannun ne ya bambanta. Lambar N ma haka take: rabinta labarin ƙasa ne, rabinta labarin guduma.

Tarihin gwajin ya nuna inda wannan rauni ya samo asali. A 1902 wani ɗan kwangila a birnin Boston na Amurka, Charles Gow (sunan a bakin Bahaushe kusan Gawu ne), ya fara buga bututu cikin rami don ya ciro samfurin ƙasa. Manufarsa ɗebo ƙasa ce kawai, ba auna ƙarfinta ba. Daga baya wani injiniyan kamfaninsa, Harry Mohr, ya lura cewa yawan bugun na faɗin wani abu game da taurin ƙasar. Ya bi leburorin da ke aikin, ya auna nauyin da suka saba ɗagawa da tsayin da suka saba kaiwa, ya tsayar da matsakaicinsu a ƙarshen shekarun 1920: fam 140, inci 30. Su ne kilo 63.5 da santimita 76 na yau. Hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ASTM, ba ta rubuta gwajin a matsayin ƙa'ida ba sai 1958. Ko a lokacin, an ƙayyade nauyi da tsayi, amma siffar gudumar da yadda za a sake ta, an bar wa kowa ya yi yadda ya saba.

A lissafin takarda, ƙarfe mai kilo 63.5 da ya faɗo daga santimita 76 ba tare da wani abu ya tare shi ba yana zuwa da ƙarfin bugu na kimanin jul 473. Jul shi ne mudun da masana ke auna irin wannan ƙarfi da shi. Amma babu gudumar da ke isar da 473 ɗin nan cikin sanda. A tsohuwar hanya, igiyar da ke ɗaure da guduma tana bi ta kura a saman inji, kamar ta guga, ta sauko a naɗe ta a wata gangar ƙarfe mai juyawa. Ma'aikaci ya ja igiya, ganga ta ɗaga masa guduma, ya sassauta, guduma ta faɗo tana jan igiyar a bayanta. Igiyar na gogar ganga, tana gogar kura. In ya naɗa ta zagaye uku maimakon biyu, gogayyar ta ƙaru. Sabuwar igiya mai tauri da tsohuwa mai laushi ba ɗaya ba ne, haka busasshiya da wadda ruwan sama ya jiƙa. Ganga mai tsatsa daban, mai sulɓi daban. Sannan ga mutumin kansa: da hantsi yana kai guduma daidai layi, bayan azahar kafaɗa ta yi nauyi, sai ya riƙa saki kafin ta kai. Ko girman uwar maƙerar na da tasiri, don babba na cinye ƙarfin da ƙarama za ta miƙa wa sanda.

An daɗe ana zargin haka kafin a auna. A 1979 John Schmertmann na Jami'ar Florida da abokin aikinsa Alejandro Palacios suka ɗaura na'ura a jikin sanda suka auna abin da ke shiga ta da gaske. Suka tarar cewa tsakanin inji da inji, ƙarfin na iya faɗuwa zuwa wajen kashi ɗaya bisa uku na abin da lissafi ya ce, yana iya haura kashi 80 cikin ɗari. Suka kuma nuna abin da ya zama ginshiƙin gyaran da ake yi a yau: yawan bugu da ƙarfin bugu kishiyoyi ne. In ƙarfi ya ragu da rabi, bugu zai ninka.

Gudumomin da ke yawo a duniya kowace da halinta. Akwai mai siffar gammo, gajera mai rami a tsakiya, wadda ake saki da igiya. A awon da aka yi a Amurka takan isar da kimanin kashi 45. Akwai doguwa mai kube, wadda ke rufe wurin bugun don kada ta datse yatsun lebura. Ita takan kai wajen kashi 60. Akwai ta Turawan Ingila mai ƙugiya, wadda ke sakin kanta idan ta kai tsayin da aka tsara, kuma da yake aikin injiniya a Najeriya ya tashi ne a kan ƙa'idojin Birtaniya, ba baƙuwa ba ce a nan. Sai ta zamani mai sarrafa kanta da inji, wadda takan kai kashi 80 ko fiye. Dukansu kilo 63.5 ne, dukansu daga santimita 76 ake cewa suna faɗowa.

Abin da ya tilasta wa masana su zauna su daidaita wannan awo shi ne girgizar ƙasa. A ranar 16 ga Yuni, 1964, ƙasa ta girgiza a birnin Niigata na Japan. Yashin da ke ƙarƙashin birnin, sako-sako kuma cike da ruwa, ya koma kamar kunu na ɗan lokaci. Benaye masu hawa huɗu suka kishingiɗa, wasu suka kwanta, jikinsu lafiya lau, ƙasar ce ta ƙi riƙe su. Bayan haka Bolton Seed na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Izzat Idriss suka tsara hanyar gane irin wannan yashi ta lambar N, suka buga ta a 1971. Da aka zo haɗa alƙaluman Japan da na Amurka da na Sin, sai suka ƙi jituwa, domin gudumomin Japan sun fi na Amurka isar da ƙarfi. A 1985 Seed da abokan aikinsa suka ba da shawarar a mayar da kowace lamba kan mudu ɗaya, wato kamar an yi gwajin da gudumar da ke isar da kashi 60. A 1986 Alec Skempton na Kwalejin Imperial da ke Landan ya ƙarfafa wannan matsayi a wata maƙala da har yau ake komawa gare ta. Ba don 60 na da wata albarka aka zaɓe ta ba. Yawancin tsofaffin alƙaluman da aka gina jadawalai a kansu da irin wannan ƙarfin aka tara su.

Lissafin kansa ɗan firamare zai yi shi. A ɗauki bugun da aka ƙirga, a ninka shi da kason ƙarfin gudumar, a raba da 60. Sakamakon shi ne N60.

A ɗauka wani mai fili a gefen fadama kusa da Lambata, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu da ta Minna, ya kira kamfanoni biyu. Na farko ya zo da gudumar gammo, ya ƙirga bugu 20. Na biyu ya zo da mai sarrafa kanta, ya huda raminsa taku kaɗan daga na farko, a zurfi ɗaya, ya ƙirga 11. Mai fili zai ce lalle ɗaya ya yi masa ha'inci. Amma 20 sau 45 a raba da 60 ya ba da 15. Haka 11 sau 80 a raba da 60 ya ba da kusan 15. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ƙaryar za ta shigo ne in aka ɗauki 20 ko 11 ɗin aka kai ta jadawali yadda take.

Kuskuren kuma ba nauyinsa ɗaya ba a ɓangarorin biyu. Guduma mai ƙarfi da ba a gyara lambarta ba takan sa ƙasa mai kyau ta zama kamar mara kyau, mai gini ya yi asarar siminti da rodi a banza. Wannan ciwon aljihu ne. Raunanniyar guduma kuwa yabon ƙasa take yi fiye da kima. Bugu 12 da gudumar gammo ta bayar, a jadawali yashi ne matsakaici. In an gyara ya koma 9, wato sako-sako. Bugu 36 da ake wa kallon dankararre ya koma 27. Injiniyan da bai tambayi irin gudumar ba zai zana harsashi siriri a kan ƙasar da ba ta kai ba. Gini ba lalle ya rushe ba. Sau da yawa zama yake yi a hankali, wani gefe ya fi wani, sai a ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, tayil ya ɗaɗɗago, a ɗora wa birkila laifi. Abin takaici shi ne, tsohon inji mai tsatsa da gajiyayyen ma'aikaci, wato aikin da ya fi araha, shi ne ke fitar da lambar da ta fi faranta ran mai gini.

Wani zai ce ai nan ba Japan ba ce. Gaskiya ne, motsin ƙasar da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da wanda ya firgita mutanen Mpape a Abuja a Satumban 2018 ba su kama ƙafar na Niigata ba. Amma gyaran bai tsaya ga girgizar ƙasa ba. Lissafin zaman gini na yau da kullum ma a kan N60 aka sake gina shi.

Yaya ake sanin kason guduma? Hanya mafi inganci ita ce a auna. Akwai guntun sanda na musamman da ake ɗaurawa a ƙarƙashin uwar maƙerar, jikinsa ɗauke da ƙananan na'urori iri biyu: masu jin yadda ƙarfe ke matsewa idan bugu ya ratsa shi, da masu jin saurin motsinsa. Waya na kai saƙon ga kwamfuta, ita kuma ta haɗa matsi da sauri ta fitar da jul ɗin kowane bugu. In ta nuna 284, gudumar na kan kashi 60 ke nan. In 213 ne, kashi 45. Ƙa'idar ASTM D4633 ta Amurka da ISO 22476-3 ta ƙasa da ƙasa duk sun bayyana yadda ake yin wannan awo. Akan ba gudumar takardar shaida mai lambarta, a kuma sabunta lokaci-lokaci, tunda ƙarfe na cinyewa, ƙugiya na sassautawa. Guduma biyu daga masana'anta ɗaya ma na iya bambanta bayan sun sha aiki.

Bayan ƙarfin guduma akwai wasu ƙananan gyare-gyare. Rami mai faɗin milimita 200 yakan sassauta ƙasar gindinsa, don haka Skempton ya ce a ƙara wa lambar kashi 15 cikin ɗari. Yashin da ke can ƙasa yakan yi kamar ya fi na sama tauri saboda nauyin da ke danne shi, shi ma ana daidaita shi. Wanda ya fi shafar ƙananan benaye shi ne na tsawon sanda. Idan sandunan ba su kai mita 4 ba, jadawalin Skempton ya ce a rage rubu'in lambar, sai sun wuce mita 10 ake barin ta yadda take. Masana na gardama har yanzu kan ko ragin ya yi yawa, amma dai a waɗannan mitoci na sama ne harsashin mafi yawan gine-ginen Gawu da Suleja ke zama.

Sai dai ƙasar Gurara na da nata halin da babu lissafin da ke gyara shi. Yankin na kan tsohon dutse ne, irin wanda ya leƙo a Zuma kusa da Madalla, ya kuma shimfiɗu a inda kogin Gurara ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30. A saman dutsen akwai ruɓaɓɓen dutse, sai jar ƙasa, sai marmara da tsakuwa. Zurfin dutsen ba ya bin ƙa'ida: a wannan kusurwar fili a same shi a mita biyu, a waccan sai an yi nisa. Bakin bututun gwaji milimita 35 ne kacal. Tsakuwa ɗaya ta toshe shi, sai bugu ya haura 50, a rubuta cewa an kai ƙasa mai ƙarfi, alhali curin dutse ne ke zaune cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa. Haka ɓawon marmara mai tauri kan rufe ƙasa mai laushi a ƙarƙashinsa. Ga kuma lokaci: jar ƙasar da ta ƙi guduma a watan Maris takan miƙa wuya a Agusta. Mutanen wannan yanki sun san haka tun kafin zuwan inji. Masu ginin tukwane na Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna a cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, da yatsa suke rarrabe yumɓu. Injiniya nagari ma yakan buɗe bututun ya murza abin da ke ciki kafin ya yarda da lamba.

Ma'aikatan hanya na da ƙaramar 'yar'uwar wannan guduma, mai kilo 8 da ke faɗowa daga milimita 575, wadda ake gwada cikon titi da ita. Da hannu ake ɗaga ta, don haka duk abin da aka faɗa game da gajiyar kafaɗa ya shafe ta.

Mai gini ba sai ya iya lissafin injiniya ba kafin ya kare kansa. Rahoton gwajin ƙasa takarda ce da ya biya kuɗinta, yana da ikon ya buɗe ta. A shafin kowane rami ya kamata a ga ranar da aka yi aikin, da zurfin da aka tarar da ruwa, da bugun kowane gida daban-daban, ba jimla kaɗai ba. Ya kamata a ga irin gudumar da yadda ake sakinta, a ga kuma ko lambar da aka yi lissafi da ita N ce tsura ko N60. A ƙarshe akwai hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970. Tambaya ɗaya takan isa a gane irin hannun da aka faɗa: “Gudumar nan taku kashi nawa take bayarwa, kuma wa ya auna ta?” Wanda ya san aikinsa zai ciro takarda, ko ya faɗi gaskiya cewa ba a auna ba.

Rashin awon ma ba ya hana gyara. Na'urar na da tsada, ƙaramin kamfanin da ke huda ramuka uku don bene mai hawa biyu ba lalle ya mallake ta ba. Abin da ake bukata daga injiniyan da ya samu kansa a haka shi ne ya je filin ya ga gudumar da idonsa, ya ƙirga zagayen igiya a kan ganga, ya duba ko ana kai ta layi, sannan ya rubuta ƙarara a rahoto cewa kason da ya yi aiki da shi ƙiyasi ne daga irin gudumar. In ta gammo ce da igiya, ya ɗauki 45, bugu 12 ya koma 9 a takardarsa, ya faɗaɗa harsashin daidai da 9 ɗin.